Dutsen Awo Na Uku

Mahaifina mai gyaran sikeli ne, kuma ya yi shekara ashirin da shida bai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. Ba fasto ne ya hana shi ba, ba dattawan ikilisiya ba. Shi ya hana kansa. Duk wanda ya san Baba kuwa ya san in ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi wa bango magana, ko banza bango ba zai kawo maka aya ba.

Shagonsa na bayan kasuwa, a layin masu walda. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe da wata taga da ba ta taɓa buɗuwa ba. Ciki sikeli ne ta ko'ina: na mahauta mai ƙugiya yana rataye a ƙusa, na masu shago mai faranti biyu, na asibiti da ake kwantar da jarirai a ciki, sai manyan na ƙasa da ake ɗora wa buhu, waɗanda sai ƙarti huɗu sun taru suke ɗaukowa. Warin man inji da na gawayi ba ya barin wurin. A ƙarƙashin tebur akwai akwatin katako inda yake ajiye duwatsun gwajinsa, kowanne a naɗe cikin ƙyalle, da su yake gwada duk dutsen awon da aka kawo masa. Mama takan ce waɗannan duwatsun sun fi mu gata a gidan, don mu in mun faɗi sai ya ce mu tashi, su kuwa ko ƙura ba ya bari ta hau su.

Gajere ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Mai Sikeli kowa ke kiransa, har fasto. Hannunsa kuwa abin mamaki ne. Zai ɗauki dutse ya jinjina shi sau biyu ya ce, "Wannan ya rame," a ɗora a gwada a tarar haka ne. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. A shagon na girma, kuma duk abin da hannunsa ya iya sai da idona ya ɗauka. Haƙurinsa ne kawai ban gada ba.

Sai na ɗan yi bayanin sana'ar kafin a gane laifin. Babban sikelin ƙasa yana da sanda a sama, a bakinta ake rataya wasu ƙananan duwatsun ƙarfe masu faɗi. Dutse ɗaya da bai fi tafin hannu ba shi ke tsaya wa buhu guda. A ƙarƙashin kowane dutse akwai ɗan rami da ake cikawa da dalma har nauyinsa ya yi daidai, sannan ma'aikacin gwamnati mai duba awo ya buga hatimi a kan dalmar. In aka ƙara dalmar da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, to kowane buhu da aka ɗora ya yi asarar kilo biyu ke nan, mai kaya yana tsaye yana kallo, har ma ya yi godiya.

Ina da shekara tara wani mai sayen hatsi da ake kira Mai Sito ya fara zuwa shagon. Ƙaton mutum ne mai yawan dariya, yana da sikeli uku a bakin sitonsa, manoma na kawo masa kaya daga ko'ina. Bai taɓa ce wa Baba ya yi masa ha'inci ba, ya fi haka wayo. Zama kawai yake yi a benci ya miƙe ƙafa yana hira.

"Na ga wani aiki a wani gari, Mai Sikeli," in ji shi wata rana. "Mutumin ya ƙara wa dutse nauyi, hatimin gwamnati na nan ko ƙwarzane babu. Mai dubawa ya juya ya juya, ya ce lafiya lau. Na ce kai, akwai masu hannu a duniya. Irin wannan kam ba a nan ba."

"Wannan ai ba wani abu ba ne," in ji Baba.

"A baki ba. Kai dai ka tsaya a sikelin masu tumatir, shi ne daidai kai."

Shi ke nan fa. Na sha so a ce yunwa ce ta sa shi, ko Mama ce ba lafiya, ko mai gidan haya ne ya watso mana kaya waje, don in sami abin kare shi. Babu ko ɗaya. Tukunyarmu kullum tana kan wuta. An dai ce masa ba zai iya ba ne. Kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a safiyar ranar, wajen addu'ar gida, ya karanta mana inda Allah ya hana mutum riƙe ma'auni iri biyu, ya ce abin ƙyama ne a wurinsa. Ya rufe Littafin, ya sha shayi, ya tafi shago ya hura gawayi.

Kwana biyu ya yi a kan aikin. Ya ciro dalmar mai hatimi ba tare da ta ɓaci ba, ya zurfafa ramin, ya ɗura sabuwar dalma, ya mayar da ta saman kamar ba a taɓa ba. Dutse uku, kowanne da ƙarin giram ashirin. Da ya gama sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku a gefen ramin, alamar da yake sa wa duk aikin da ya fita daga shagonsa. Ku ji fa, ɓarawo ya sa hannu a kan satarsa.

Wata uku duwatsun suna aiki. Ran nan ya bi ta bakin siton ya tarar da wani tsohon manomi da muke sujada a majami'a ɗaya, ya kawo buhu shida. Ɗan tsohon, wani magidanci mai ɗan karatu, yana ta cewa buhunan sun fi haka a gida, a sake aunawa. Tsohon ya hango Baba ya ce, "Bari, ga mai shi nan. Mai Sikeli, ba kai ka gyara ba?" Baba ya ce shi ne. Tsohon ya ce, "To magana ta ƙare. In wannan bawan Allah ya taɓa sikeli, ko ban duba ba." Ranar Baba ya dawo gida bai ci abinci ba.

Ran Lahadi bayan wa'azi ya miƙe ba tare da an kira shi ba. A lokacin shi ke koyar da ajin manya, yana cikin masu raba gurasa da ƙoƙo ranar jibi, saura kaɗan a zaɓe shi dattijon ikilisiya. Ya faɗi komai, har giram nawa ne. Ina zaune kusa da Mama, duk muna ji. Aka sa shi a horo na wata shida, ya koma bencin baya. A makaranta kuwa aka raɗa mini suna Rabin Kilo, sunan da ya ja wa yara uku fashewar baki, ni kuma ya ja mini bulala.

Ya je wajen Mai Sito ya karɓo dutse biyu da rigima, ya narkar da dalmarsu. Ya bi manoman da ya iya ganowa gida-gida yana ba su haƙuri, yana mayar musu da hatsi, har sai da keken ɗinkin Mama ya tafi. Dutse na uku kuwa babu shi. Mai Sito ya riga ya sayar da sikeli ɗaya da duwatsunsa ga wani ɗan kasuwa da ya zo da mota daga nesa, ya ce ko sunansa bai sani ba. Kafin shekara ta zagayo Mai Sito ma ya tattara ya bar garin.

Da wata shida suka cika, dattawa suka kira Baba gaba, aka yi addu'a, aka karɓe shi. Tsohon manomin ma ya rungume shi. Amma ranar jibi da tire ya iso gabansa, sai ya miƙa wa na kusa da shi. Aka ce raunin bai warke ba ne, a bar shi. Wata ya wuce, shekara ta wuce, tiren yana zuwa yana wucewa.

Dalilinsa ɗaya ne, bai taɓa canza shi ba. Yakan ce, "Wanda ya yi ƙarya ya tuba, ƙaryar ta wuce. Wanda ya mari wani ya tuba, marin ya wuce. Ni nawa zunubin bai wuce ba, yana can yana aiki. Ina barci yana sata, ina addu'a yana sata. Da wane hannu zan ɗauki jikin Ubangiji, bayan ɗaya hannun yana cikin buhun mutane?"

Don haka ya shiga nema. Kowace Asabar, ranar da ake ciniki sosai, sai ya rufe shago ya rataya jaka ya hau mota. Kasuwa-kasuwa, sito-sito, yana cewa ya zo duba sikeli kyauta. Ya ɗauki dutse ya kifa shi, ya duba gefen ramin, ya mayar. Wasu su kore shi, sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Wasu su ba shi ruwa, sun ɗauka taɓin hankali ne. Ranar da na gama makarantar koyon aikin jinya yana wata kasuwa. Ranar da na haifi ɗana na fari yana wata kasuwa, ya iso asibiti da la'asar duk ƙura, kuma abin da ya fara yi shi ne duba sikelin da aka auna jaririn. Na yi kwana uku ban yi masa magana ba.

Fastoci biyar suka yi zamani a majami'armu, kowanne sai da ya gwada sa'arsa. Na ƙarshen, wanda yake nan har yanzu, ya zo yana matashi, ya iske Baba a shago da Littafi cike da 'yan takardu a tsakanin shafuka. Ina wurin, na kawo abinci.

"Baba, mutumin farko da ya ƙetare umarni ya ɓuya cikin itatuwa don kunya," in ji Fasto. "Amma Allah da kansa ya neme shi, ya ɗinka masa sutura."

"Haka ne, Fasto. Ya mayar da shi gonar?"

Fasto ya buɗe wani shafin. "To sarkin nan da ya yi babban zunubi fa? Ai an ce masa an gafarta."

"An gafarta. Sai dai an gaya masa takobi ba zai bar gidansa ba."

"Baba, kana shakkar jinin Almasihu ne?"

"Ko kaɗan. Na san an gafarta mini, ban taɓa shakka ba. Amma shi Ubangijin ne ya ce in ka kawo wa Allah baiko ka tuna ɗan'uwanka na da magana da kai, ka ajiye ka je ku shirya tukuna. Ni 'yan'uwan da ke da magana da ni ban san fuskarsu ba, kuma kullum ƙaruwa suke. Ka ci abinci, Fasto, Uwata ta zuba da yawa."

Fasto ya ci abincin ya tafi. Ni kuwa abin ya kai ni maƙura. Na rufe ƙofar shagon na ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma wannan ba tuba ba ce, girman kai ne. Shi ya sa ka a ciki tun farko, shi ne kuma ya hana ka fita. An ce maka ba za ka iya ba, ka ce sai ka iya. Yanzu Allah ya ce ya yafe, ka ce sai ka biya da kanka. Wataƙila ma dutsen nan ya daɗe a bola."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Wataƙila kin yi gaskiya, Uwata. Wataƙila kuma yau da safe an auna wa wata gwauruwa da shi. Ke kin san wanne ne?"

Ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai ba ni haushi.

Wadda ta fi shan wahala Mama ce. Ba mai yawan magana ba ce, amma duk ranar jibi sai ta sa mafi kyawun zanenta, ta bar wurinta cikin mata ta je ta zauna kusa da shi a baya, ko Allah zai sa yau ce. Ta ɗauki nata, ta riƙe tiren a gabansa ya ɗan daɗe, sannan ta miƙa gaba. Da ciwonta na ƙarshe ya tsananta, Fasto ya kawo mata jibi har gida. Ta dubi Baba ta ce, "Baban yara, ko sau ɗaya dai, tare da ni." Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro, amma bai buɗe baki ya karɓa ba. Bayan sati biyu ta rasu. Na daɗe ban yafe masa wannan ba, kuma ban tabbata ko yanzu na gama yafewa ba.

Shekara biyu bayan haka idonsa ya mutu kusan duka. Sai haske da duhu yake bambancewa. Na dawo da shi gidana, ɗakin da ke kusa da baranda. Likita ya kira ni gefe ya ce zuciyarsa ta gaji, in daina sa ran zai ƙara shekaru. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ma'anar kumburin da ƙafarsa ta yi. Tafiya ta gagare shi, amma kowace Asabar da safe sai ya sa riga ya zauna a baranda da jakarsa a cinya, kamar mota za ta zo. Wata rana na ji shi yana addu'a a hankali, yana cewa, "Ubangiji, in ba zan sami dutsen nan ba, kada ka kira ni a gaban mutane. Ka kira ni a gefe."

Wannan addu'ar ce ta karya ni. Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya ba da shekara ashirin da shida na rayuwarsa saboda giram ashirin, yana roƙon kada a kunyata shi a sama. Na ce a raina ba zai tafi haka ba, ko me za a yi.

Da idonsa yana gani, da ban ma fara ba. Amma yanzu yatsunsa kaɗai suka rage. Na ɗauki hutun kwana biyu na tafi wani gari wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa, na tona tulin kayansu har na sami dutse irin wancan, mai tsohon hatimi. Na dawo na buɗe shagon Baba da rana tsaka, na rufe kaina a ciki, na hura gawayi. Na ciro dalmar saman, na zurfafa ramin, na narka sabuwa a gwangwani na ɗura. Na ɗauko duwatsun gwajinsa daga akwatin, waɗanda bai taɓa barina na taɓa ba, na yi ta aunawa ina kankarewa har ƙarin ya tsaya giram ashirin cif. Na ɗauki ƙusarsa da gudumarsa na buga ɗigo uku. Sannan na binne dutsen cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri a bayan kicin, sati uku, don ɗigon su yi tsatsa. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne, lokacin da na tono shi na goge, daɗi na ji. Aikin ya yi kyau.

Da safe na same shi a baranda. Na ɗora masa dutsen a tafin hannu.

Ya jinjina shi sau ɗaya. Ya sake. Fuskarsa ta canza. Ya kifa shi, babban yatsansa ya bi gefen ramin a hankali har ya tsaya a kan ɗigon. Ya daɗe yana shafa su.

"Ina kika same shi?"

"Wajen masu tsofaffin ƙarafa, Baba. Tun da ka daina fita nake zuwa ina dubawa, ban gaya maka ba."

"Tun yaushe yake can?"

"Sun ce ya fi shekara goma sha biyar a cikin tulin. Sikelin ya lalace, aka sayar da shi a ƙarfe."

"Shekara goma sha biyar," ya maimaita. Sai ya ɗago kai ya juyo da idanunsa da ba sa gani daidai fuskata. "Uwata, matso. Ba ni hannunki." Na ba shi. "Kin san ni makaho ne yanzu. Ke ce idona. A gaban Allah, haka aka yi?"

Shi ya koya mini dokokin nan goma tun ban iya ɗaura zane ba. Na san wadda ta yi magana a kan sunan Allah, na san wadda ta yi magana a kan shaidar ƙarya. Ba mantuwa na yi ba, ba ruɗewa na yi ba. Dukansu biyu suna tsaye a gabana lokacin da na buɗe baki.

"A gaban Allah, Baba."

Ya rungume dutsen a ƙirji ya sunkuyar da kai. Kukan da ya yi ba irin na ranar Mama ba ne, wannan mai sauƙi ne, yana yi yana kiran sunan Yesu. Da ya natsu ya ce in yi masa aski, in wanke farar rigarsa, in kuma tambayi Fasto ko wannan Lahadin akwai jibi. Ranar ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari.

Ran Lahadi na riƙe hannunsa muka shiga. Ya wuce bencin baya bai tsaya ba. Mutane suka fara juyowa, tsofaffin da suka san labarin suna taɓa juna. Na ɗauka zai ci jibinsa ne a yi shiru a tashi. Ashe ya riga ya roƙi Fasto ya ba shi lokacin shaida, da dutsen a aljihunsa. Ya tsaya a gaba ya ɗaga shi sama, ya ba da labarin tun daga farko, don yaran da aka haifa bayan abin. Majami'a ta ɗauki tafi, wasu mata na share hawaye.

Sai ya ce, "Ni na yi ta nema shekara da shekaru ban samu ba, don Allah bai so ya ba mai dattin hannu. Sai ya ba wadda hannunta ke da tsabta. Kun san 'yata. Tana da zafin rai, ni ma ta sha yi mini faɗa." Aka yi dariya. "Amma tun da aka haife ta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Uwata, kina ina? Tashi su gan ki."

Na tashi, suka gan ni.

Da aka zo raba jibi, ya ɗauki gurasa da hannu biyu, ya ci, ya sha. Sannan ya laluba ya riƙe mini tiren da kansa. Shi da ya yi laifi ya miƙe a gaban kowa ya faɗa, ya kuma hana kansa teburin shekara ashirin da shida. Ni ko ƙarfin halin miƙa tiren gaba ban samu ba. Na ɗauki gurasar na ci.

Wata huɗu ya ƙara a duniya, kuma su ne watannin da na fi ganinsa cikin walwala tun ina yarinya. Yana waƙa, yana tsokanar jikokinsa, har ya yi ƙiba kaɗan. Ya rasu wata safiya a kujerarsa bayan ya sha shayi. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko ya gane, ko wannan hannun nasa ya ji wani bambanci ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Ba na tsammani. Da ya gane, da bai ci ba.

Yau shekara bakwai ke nan. Mijina bai sani ba, ƙannena ba su sani ba. Na roƙi gafara a ɗakina ya fi a ƙirga, kuma na gaskata Allah mai jinƙai ne, amma kunyar ba ta ragu ba ko kaɗan. In ana karanta labarin masu ƙetare umarni sai in ji kamar duk majami'a ni take kallo. Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba ranar da nake hura gawayin: dutsen gaskiyar yana nan inda yake. In yana bola, to. In kuwa yana rataye a bakin wani sikeli, mutum ɗaya ne tak a duniya yake nemansa, ni kuma na zaunar da shi.

Na sha shirya yadda zan faɗa. Amma labarin ya riga ya fi ƙarfina. Fasto na kawo shi a wa'azi kusan kowace shekara. Akwai mutumin da ya mayar da filin da ya cinye wa marayun yayansa bayan ya ji shi. Akwai matar da ta ce mini shi ya hana ta fid da rai lokacin da ɗanta ya ɓata. In na buɗe baki, duk wannan zan karɓe musu, in kuma mayar da tsohon nan abin dariya a kabarinsa, makahon da 'yarsa ta yi wa wayo. Ko kuwa dai tsoro nake ji, nake neman dalili? Wannan ma ban sani ba.

Shekaranjiya bayan sujada Fasto ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce Asabar mai zuwa akwai babban taron mata, daga majami'u bakwai za a zo, kuma an ba su kan magana a kan riƙon gaskiya.

"Na ce musu ba sai an nemo baƙo ba, muna da ke," in ji shi. "Ki zo da dutsen, Mama, su gani da idonsu, ki ba su labarin da bakinki."

Ba kowa kusa da mu. Ofishinsa na nan taku biyar, ƙofar a buɗe. Na dube shi, na ji maganar ta taso mini tun daga ciki har ta iso bakina. Na buɗe baki.

"Ƙarfe nawa za a fara?" na ce.